Kebul na Huɗu: Yadda Bod Biyu Suka Ƙone a Kan Wani Bene a Utako

Ginin bene ne mai hawa huɗu a Utako, Abuja. Ƙasa zauren taro ne da ake haya don biki da walima da tarukan ƙungiyoyi, sama kuma ofisoshi. An yi masa wayarin tun farkon shekarun 2000, kuma wanda ya yi aikin shi ne har yanzu yake kula da wutar gidan. Dattijo ne mai tsabtar aiki, duk wanda ya buɗe babban fanel ɗin da ke ƙasa zai shaida haka. Shekara da shekaru ƙananan esi ake ta ƙarawa a ginin, kowane ɗan haya ya huda bango ya rataya tasa. A watan Afrilun 2024, da hukumar kula da harkar wutar lantarki ta ƙasa, NERC, ta ɗaga kuɗin wutar masu Band A, wato rukunin da ya fi samun wuta, zuwa naira 225 kan kowane yunit, sai lissafi ya canza wa Alhajin da ke da ginin. Ya yanke shawarar a kwashe tsofaffin gaba ɗaya a sa babban tsari guda.

Tsarin da aka zaɓa shi ne wanda kamfanin Daikin ya fara fitarwa a Japan a 1982 da sunan VRV, sauran kamfanoni kuma suke kiran nasu VRF. Injinan waje kaɗan ne a kan dekin, kawunan ciki da yawa a ɗakuna, bututun gas ya haɗa su. Kwamfuresan yana da inbata, yana ƙara gudu ko ya rage gwargwadon ɗakunan da ke neman sanyi, a nan ne ake samun sauƙin kuɗin wuta. Injinan waje huɗu aka ɗora, kowanne mai ƙarfin doki 16, wato sanyin kilowat 45 ke nan. An haɗa su bibbiyu. Na ɗaya da na biyu suna ɗauke da zauren taro, na uku da na huɗu suna ɗauke da ofisoshi. A kowane rukuni ɗaya ne jagora, ɗayan yana binsa.

Waya iri biyu ke shiga kowane inji. Akwai ta wuta: layi uku, da nutural, da wayar ƙasa, bolt 400 tsakanin layi da layi, 230 tsakanin layi da nutural. Akwai kuma siririyar wayar sadarwa mai jijiya biyu, wadda injinan ke magana da juna ta cikinta da ƙaramar wuta mai rauni.

Yadda aka raba aikin

Kamfanin da ya sayar da injinan shi ya turo masu bututu da gas da wayar sadarwa. Dattijon aka ba janyo kebul mai sulke guda huɗu daga fanel zuwa saman dekin. Sayen kaya kuwa yana hannun manajan ginin, ɗan ƙanin Alhaji, domin Alhaji ba ya yarda ma'aikaci ya saya masa kaya. A kan dekin kowane kebul zai shiga aisoleta tukuna, wato makunnin da ake yanke wa inji wuta da shi, daga nan gajeriyar waya ta shiga inji. Ba inda aka rubuta wanda zai ɗaura kebul ɗin a bakin aisoleta. Da yake an riga an karɓi kuɗin wani biki kuma rana ta matso, yaran masu esi da ke sama suka ɗaura, dattijo yana ƙasa yana ɗaura nasa bakin. Babu wanda ya ga bakin da ɗaya ya ɗaura.

Ranar da aka ba da wuta, injuna uku suka farka lafiya. Na huɗu ya yi wata 'yar ƙara tas, ƙauri ya tashi, bod ɗinsa kuwa, wato allon da ke sarrafa injin, fuskarsa mai nuna lamba ba ta ko ƙyafta ba. Tunda jagoran rukunin, wato na uku, ya nemi abokinsa bai samu ba, shi ma ya ƙi tashi. Ofisoshi duka suka zauna ba sanyi, ga shi an riga an cire musu tsofaffin esi.

Bayanin da kowa ya karɓa nan take shi ne wuta ce ta zo da ƙarfi. A ƙasar nan wannan bayani ba ya neman shaida, ana faɗarsa kowa zai gyaɗa kai. Kamfanin ya yi kara, ya aiko da sabon bod daga Legas a ƙarƙashin garanti. A cikin kwanakin jira kuma wata matsala ta ɓullo: rukunin zaure yana aiki sumul da wutar gari, amma da an juya zuwa janareta sai ya tsaya cak ya fitar da lambar kuskure. Aka ce janareta ya yi kaɗan. Kafin bod ya iso, takardun farashi biyu na kan teburin Alhaji, ɗaya ta ƙatuwar sitabilaiza, ɗaya ta sabon janareta.

Da bod ya zo, don gudun abin da ya faru, aka kashe birekun sauran ukun, aka tada janareta, aka ba na huɗu wuta shi kaɗai. Ya sake yin tas. A nan ne aka kira ni.

Abin da mita ta nuna

Tun kafin a hau sama, labarin da kansa ya rushe zancen ƙarfin wuta. Injuna huɗu suna sha daga fanel ɗaya, in da wuta ce ta haura, me ya sa ta zaɓi ɗaya ta bar uku? Kuma bod na biyu ai a kan janareta ya ƙone. Ruwa ba ya tsami banza. Abin da na huɗu bai haɗa da sauran ba shi ne kebul ɗinsa da aisoletarsa.

Lokacin bazara ne, da rana tsaka simintin dekin yana ratsa takalmi. Aka kashe aisoleta, muka tsaya jira. Wannan jiran ba na ganin dama ba ne. A cikin inbata akwai manyan kafasito da ke riƙe da wutar da ta haura bolt 500, kuma ba sa sakinta da zarar an kashe. Littafin injin ya ce a jira minti goma, sannan a auna a tabbatar ta sauka ƙasa da bolt 50 kafin a kai hannu. Yaro ɗaya har ya zaro sukuddireba, shugabansu ya daka masa tsawa.

Bod ɗin bai ɓoye komai ba. Fis ɗinsa ya yanke, 'yar shuɗiyar ƙwayar nan mai kama da kwabo wadda aikinta shanye wutar da ta wuce kima ta tsage ta yi baƙi, hayaƙi ya zana tabo a kan koren allon har gefen ɓangaren da ke ba ƙwaƙwalwar injin wuta. Aka kawo na farkon daga sito muka jera su. Wuri ɗaya, tabo iri ɗaya. Tsawa ko wutar da ta yi tsalle sau ɗaya ba ta maimaita kanta daidai haka.

Muka cire wayoyin daga jikin injin, aka ware su, aka mayar da wuta, aka fara awo. Wuta mai layi uku awo goma take buƙata kafin a ce lafiyarta lau: uku tsakanin layi da layi, uku tsakanin kowane layi da nutural, uku tsakanin kowane layi da ƙasa, sai na goma tsakanin nutural da ƙasa. Gurabun layukan uku a jikin injin su ne L1, L2 da L3. L1 da L3 suka ba da 400 da 'yan kai, daidai. L1 da L2 suka ba da 230, inda ya kamata a ga 400. L2 da L3 ma haka. L1 da nutural, 400. L3 da nutural, 400. L2 da ƙasa, kusan sifili. Nutural da ƙasa, 230.

Ma'ana wayar da ke zaune a gurbin nutural wuta ce tsirara, ainihin nutural ɗin kuma yana gurbin L2. Bod ɗin yana shan wutarsa ne tsakanin layi ɗaya da nutural, an ƙera shi don 230, ana ɗura masa 400. Injin yana da abin gano layin da ya ɓace ko ya juye, amma wannan abin a kan bod ɗin yake, sai bod ya rayu zai yi ƙara. Littattafan waɗannan injuna suna faɗa ƙarara cewa in nutural ya ɓace ko aka ɗaura shi ba daidai ba, injin na iya lalacewa.

Shugaban masu esi ya ce, "Injiniya, wallahi da hannuna na gwada kafin mu sa bod. Na ga 400, na ga 230." Ban ƙaryata shi ba, domin gaskiya ya faɗa. Ya ɗora mita a L1 da L3 ya ga 400, ya ɗora a L2 da nutural ya ga 230, ya rufe. A cikin shida na farkon, waɗannan biyun ne kaɗai ke fitowa daidai a irin wannan kuskure, domin nutural da layi ko an musanya musu gurbi tazararsu 230 ce. Da ya ƙara ko da ɗaya a kai, da bod na biyu yana nan da ransa.

Muka sauka ƙasa. A cikin fanel ɗin dattijo sandunan wuta uku an shafa musu fenti ja, rawaya, shuɗi, sandar nutural kuma baƙa. Kebul na ɗaya zuwa na uku jijiyoyinsu ja, rawaya, shuɗi, baƙi ne, kowace ta tafi gidan launinta. Na huɗu kuwa jijiyoyinsa ruwan ƙasa, baƙi, ruwan toka da shuɗi ne. Ashe nadin kebul ɗin da aka fara saya bai kai ba, na huɗu kuma shi ne mafi nisa, sai manaja ya koma kasuwar Dei-Dei ya sayo wanda ya samu mai kauri ɗaya. Dattijo ya duba, ya ga launi biyu da ya sani, ya kai shuɗi kan layin shuɗi, ya kai baƙi sandar nutural, ya ba ruwan ƙasa ja, ya ba ruwan toka rawaya. Ya matse log ɗinsa tsaf, ya ɗaure. A sama kuma yaran suka bi zanen da ke cikin littafin injin: ruwan ƙasa L1, baƙi L2, ruwan toka L3, shuɗi nutural.

Tsarin launi biyu ne ke yawo a kasuwarmu. Ja da rawaya da shuɗi da baƙi tsohon tsarin Ingila ne da muka gada, kuma har gobe da shi aka yi wayarin yawancin gine-ginenmu. Ingila ta koma tsarin Turai daga 2004, zuwa 2006 ta hana amfani da tsohon a sabon aiki. Mugun abin da ke cikin wannan sauyi shi ne launi biyu sun yi musanyar aiki. Baƙin da ya kasance nutural ya koma layi mai wuta, shuɗin da ya kasance layi ya koma nutural. Su can sun san haɗarin, shi ya sa shekaru da dama ƙa'idarsu ta wajabta liƙa takardar gargaɗi a jikin duk fanel ɗin da launukan biyu suka haɗu. Mu nan kebul ɗin duka biyu suna jere a shago ɗaya, mai saye kauri yake tambaya da farashi.

Dattijo bai ji daɗi ba. Ya ce, "Ɗana, tun kafin a haifi yaran nan baƙi nutural ne." Na ce, "Haka ne, Baba, a fanel ɗinka har yau haka yake. Kebul ɗin ne ba ɗan gidan nan ba." A ganina kowannensu ya bi abin da ya sani, kuma abin da ya sani daidai ne a inda ya koye shi. Abin da ya ɓace shi ne mutum ɗaya da zai ce kebul ɗin nan nawa ne daga wannan baki zuwa wancan. Gwajin da zai kama kuskuren ba ya cin minti goma kuma ba ya buƙatar wuta: mutum ɗaya a ƙasa ya haɗa jijiya ɗaya da sulken kebul, na sama ya nemo da mita wace ce ta amsa, a sa mata alama, a wuce ta gaba. Ba a yi ba. Ba a kuma gwada lafiyar rufin wayoyin da mega, na'urar da ake wannan gwaji da ita, ba. Hukumar NEMSA da aka kafa a 2015 ita doka ta ɗora wa dubawa da gwada aikin wayarin da kuma bai wa masu sana'ar shaidar ƙwarewa, kuma ƙa'idojin wayarin na ƙasa da NERC ta fitar a 2015 ɗin suna nan a rubuce. A wannan aiki ko takardar awo ɗaya ba a cike ba.

Janaretan da aka yi wa ƙazafi

Wannan bai ɗau lokaci ba. Takardar jikin kowane inji ta nuna amfiya 31 ne mafi yawan abin da za a tanadar masa. Huɗun gaba ɗaya ba su wuce kVA 86 ba, janaretan kuwa mai 200 ne, kuma an sauke masa nauyin tsofaffin esi. Lambar da injinan ke fitarwa ma ba ta ƙarancin wuta ba ce. Da aka buɗe littafi, ta juyewar layi ce. Kowane kamfani da lambobinsa. A injinan Daikin, misali, U1 ke nuna layi ya juye ko ya ɓace, U4 sadarwa ta yanke tsakanin ciki da waje, U7 kuma tsakanin injinan waje. Lambar tana gaban kowa tun ranar farko, ba wanda ya duba ma'anarta.

Layuka ukun ba sa kaiwa ƙololuwa lokaci guda, suna bin juna ne bi da bi, kuma wannan bin shi ke nuna wa mota mai layi uku ɓangaren da za ta juya. Muka ɗora na'urar gwada juyi a bakin canjoba. Wutar gari ta juya dama, ta janareta ta juya hagu. Tun ranar da aka girka janaretan haka yake, ba wanda ya lura, domin duk abin da ke ginin mai layi ɗaya ne, har famfon rijiyar burtsatse. Ƙwan fitila bai damu da wane layi ya riga wani ba.

Wani daga cikin yaran ya ce a musanya waya biyu a jikin injinan a huta. Da an yi haka, da sun tashi a janareta sun ƙi tashi a wutar gari, an gudu daga gara an faɗa gidan zago. Gyaran wuri ɗaya ne: musanya biyu daga wayoyin janareta inda suka shiga canjoba. Sannan aka ƙara rile mai sa ido kan wutar da ke zuwa dekin, in layi ya ɓace, ko ya juye, ko wuta ta haura ko ta faɗi, ya yanke, kuma in ta dawo ya jinkirta 'yan mintuna kafin ya saki. Dalilin ƙara shi, abin gano juyin da ke cikin irin waɗannan injuna a lokacin tashi kawai yake dubawa, ba ya gadi yayin da inji ke gudu. Ga mu kuma a inda ake iya gyaran taransifoma a mayar da waya ba yadda aka same ta ba.

Rile ɗin yana duba rashin daidaiton layuka ma. Abin da ake so kada bambancinsu ya wuce kashi 2 cikin 100. Masu motoci suna da wani lissafi da suka daɗe da shi: bambancin kashi 3.5 na iya ƙara zafin nadin mota da kusan kashi 25. Aka sake rarraba fitilu da soket na ofisoshi a kan layuka ukun, don yawancinsu a kan ja suke.

Kauri, zafi, da bireka

Kebul huɗun duka masu milimita 6 ne, kowanne a bayan bireka mai amfiya 40. A tebur, irin wannan kebul mai sulke da rufin PVC, in an manna shi da bango, yana ɗaukar kusan amfiya 42. Wanda ya tsaya a nan zai ce ya isa. Amma teburin an gina shi ne a kan zafin digiri 30. A digiri 45 ana ninka adadin da 0.79, a digiri 50 da 0.71. Wato 42 ta koma 33, ko ma 30. Kebul ɗin kuwa kwance suke a kan siminti tsirara, an ɗaure su dami guda, ranar Maris ta Abuja tana dukansu. A haka waya za ta iya gasuwa bireka na kallo, don shi sai an wuce 40 zai motsa.

Na so a canza duka zuwa milimita 10. Alhaji ya ce, "Injiniya, kai ma ka zo da taka takardar farashin ke nan?" Na ce, "Ranka ya daɗe, tawa ba ta kai rabin kuɗin sitabilaizar da na hana ka saya ba." Aka kai ruwa rana, daga baya aka tsaya a tsakiya. Amfiya 40 ta bireka da ke rubuce a jikin injin iyaka ce ta sama, ba dole ba ce. Uku na kusa aka sauke birekunsu zuwa 32, aka ɗaga kebul ɗin daga siminti zuwa tire mai huji da murfi, aka ba su tazara. Na huɗu aka canza shi zuwa milimita 10 mai tsohon launi kamar 'yan'uwansa. Tsawonsa ya kai mita 70, a milimita 6 yana zubar da kusan bolt 14 a hanya, a milimita 10 kuma 8. A takarda duka biyun suna cikin kashi 5 da aka yarda, sai dai da yamma wutar unguwa kan sauka, injin kuma ba ya son ƙasa da bolt 342. Tazarar da ke tsakanin 31 da 32 ba ta kwanta mini sosai ba, na kuma rubuta haka a rahoto. In bireka ya fara faɗuwa a tsakiyar bazara, maganinsa kebul ne, kada wani ya mayar da mai 40.

Wayar ƙasa ma da sauranta. An dogara da sulken kebul, amma a sama ba a sa gilan ba, wato maƙalin da ke haɗa sulken da jikin akwati, an yanke sulken an naɗe da tef an tura ta rami. Jikin injuna huɗu na ƙarfe ba abin da ya haɗa su da ƙasa sai bututun gas, wanda littafi ya hana a dogara da shi. Aka sa gilan na tagulla, aka kuma ja wayar ƙasa ta daban. Birekan kariya daga yoyon wuta da manaja ya sayo mai miliamfiya 30 ne, irin na gida. Inbata kullum tana ɗan zubar da wuta zuwa ƙasa ta matatunta, irin wannan bireka faɗuwa zai yi ta yi ba dalili, ƙarshenta wani ya gaji ya tsallake shi da waya. Aka sa mai 300 wanda aka yi don inbata, yadda littafin ya nema.

Siririyar wayar

Da bod na uku ya zo aka tada komai, a wutar gari da a janareta, sai kowa ya ɗauka an gama. Ba a jima ba ofisoshi suka fara kuka. Da safe lafiya, da rana ta take sai rukunin ya tsaya ya nuna sadarwa ta yanke, bayan ɗan lokaci ya dawo da kansa. Irin wannan ta fi wadda ta ƙone bod wahalar kamawa, don in ka hau sama sai ka tarar da komai na aiki.

Lokacin shi ya tona asirin. Matsalar tana zuwa ne sa'ad da kwamfuresa ke gudu da ƙarfi, wato sa'ad da inbata ta fi watsa hayaniya a cikin wayar wuta. Muka buɗe ramin da wayoyi ke bi daga ƙasa zuwa sama. Wayar sadarwa tana ɗaure da kebul ɗin wuta tun daga hawa na ɗaya har dekin, an ɗaure ta da kyau kuwa, kowane taku biyu da maɗauri. Ƙa'ida a raba su da aƙalla santimita 5, in wutar da yawa a ƙara. Sannan don tsimi an yi amfani da waya ɗaya mai jijiya huɗu, biyu na rukunin zaure, biyu na ofisoshi, saƙonnin rukuni biyu suna gogar juna tsawon hawa huɗu. A cikin silin hawa na biyu kuma aka tarar da ƙulli, wayoyi biyar an murɗe su wuri guda an naɗe da tef kamar ƙunshin goro. Wannan layi so yake ya tashi daga inji ya shiga kai na farko, ya fita ya shiga na biyu, haka har na ƙarshe, kuma kada a rufe shi ya zama zobe.

Aka ja sabuwar waya mai jijiya biyu da rigar kariya, kowane rukuni da tasa, a cikin bututunta daban. Rigar aka haɗa ta daga kai zuwa kai ba yankewa, aka kai ta ƙasa a baki ɗaya tak, wajen injin waje. In aka kai ta ƙasa a baki biyu sai ita kanta ta zama hanyar wuta. Sunayen gurabun sun bambanta, wani kamfani F1 da F2 yake rubutawa, tsakanin injinan waje kuma Q1 da Q2, wani M1 da M2, wani P, Q da E. Wasu ba ruwansu da wace jijiya ta shiga ina, wasu kuma in an juya ba za su yi magana ba. Wanda ya saba da injin kamfani ɗaya ya zo kan na wani da sabo, zai sha mamaki.

Wajen sake jan wayar aka gano na ƙarshe. Kawuna biyu na ofishin manaja, da ke ƙasa kusa da zaure, bututunsu na rukunin zaure ne amma wayarsu an kai ta rukunin ofisoshi. In ya danna rimot, injin da ba shi da bututu zuwa ɗakin ne ke amsawa, sai fanka ta yi ta hura iska mai ɗumi. Sai ranar da ake biki ne yake samun sanyi. Shi duk tsammaninsa gas ne bai isa ba.

Wa zai biya

Kamfanin ya ce bod ɗin da ya fara aikowa ya bayar don mutunci, na ukun kuwa ba ruwan garanti da shi, tunda kuskuren wayarin ne. Dattijo ya ce shi bai taɓa hawa dekin ba. Masu esi suka ce su littafi suka bi. Manaja ya yi shiru, ya san wanda ya je Dei-Dei. Takardar kwangila ba ta taimaki kowa ba, layi ɗaya ne a kan wuta, cewa mai gini zai kawo wuta har wurin injuna. A ofishin Alhaji aka zauna bayan la'asar. Ya ɗauki rabi, ya ce yaronsa ne ya sayo kebul ɗin. Kamfanin ya ɗauki kuɗin sake wayar sadarwa gaba ɗaya da wani kaso na bod, don wannan ba wanda zai ɗora wa. Dattijo ya yi aikin tire da gilan da sabon kebul ba a biya shi ladan hannu ba, shi ya nemi a yi haka.

Kafin a miƙa aiki aka yi awo goma ɗin nan a kan kowane inji, sau biyu, a wutar gari da a janareta, aka rubuta, aka liƙa kwafi a bayan ƙofar fanel. Kowace jijiya aka sa mata zoben lamba a baki biyu, L1, L2, L3, N.

Abu biyu suka rage. Manaja ya saba duk Juma'a da yamma ya kashe birekun dekin don kada mita ta ci kati a banza. A jikin kwamfuresa akwai abin ɗumama mai, wanda ke hana gas narkewa cikin man yayin da inji ke tsaye. Littafin ya ce a ba inji wuta awa shida kafin a tada shi, wasu kamfanonin ma goma sha biyu suke cewa. Wanda ya kashe Juma'a ya kunna Litinin da safe ya danna rimot, musamman da sanyin hunturu, yana tada kwamfuresa ne da man da ya tsinke. Aka yi masa bayani, aka sa wa akwatin birekun kwaɗo, makulli yana hannun dattijo.

Na biyun shi ne na'urar kare injuna daga tsawa. Injuna huɗu na ƙarfe ne a wuri mafi tsayi a ginin, hadarin farkon damina a Abuja kuma da tsawa yake zuwa, daga Afrilu zuwa Mayu. Na nemi a sa ɗaya a babban fanel, ɗaya a ƙaramin akwati a sama, a kuma auna sandar ƙasa ta ginin, wadda ba a taɓa aunawa ba tun da aka binne ta. Alhaji ya ce aljihu ya ji jiki, a bari sai bayan Sallah. An rubuta a takardar miƙa aiki cewa ba a saka ba, shi da manaja suka sa hannu.